Filin Sanin Duniya: Tanti Mai Siffar Jinka, da Yadda Iyali Ke Zaɓen Mai Ƙarko

A ƙasashen Faransa da Ingila da Amurka, in watan Yuli da Agusta suka kama, akwai wata al'ada da za ta ba mutumin karkara mamaki. Maigida yana da gidansa na siminti, da lantarki, da ruwa a cikin gida. Sai ya kulle gidan, ya zuba matarsa da yaransa cikin mota, su nufi bakin tafki ko gindin dutse. Can za su kafa tanti su kwana a ciki mako ɗaya ko biyu. Ba yunwa ta kore su ba, ba gobara ba. Hutu suka je yi.

Al'adar ta yi ƙarfi a Faransa tun shekara ta 1936. A shekarar ne gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar da ta ba kowane ma'aikaci hutun mako biyu a shekara, albashinsa kuma yana tafiya. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da kuɗin otel, sai tanti ya zama masaukinsa. Tun shekara ta 1982 hutun ya kai mako biyar.

Amma kwanan daji ba wasa ba ne. Da tsakar dare hadari yakan taso. Yaro ɗan shekara uku yana barci, tsakaninsa da ruwan sama da iska babu kome sai ƙyalle. In ƙyallen ya yage, ko dirkar ta lanƙwashe, iyali duka za su wayi gari a jiƙe, kuɗin da aka tara wata da watanni ya bi ruwa. Shi ya sa maigida mai hankali ba ya sayen tanti don launinsa. Tun ran gini, tun ran zane.

Daga cikin tantunan da iyalai ke so akwai wanda ake kira tipi. Siffarsa kamar jinkar ɗaki ce da aka sauko da ita aka aje a ƙasa: faɗi a gindi, tsini a sama. Filin wannan wata a kansa zai tsaya.

Inda siffar ta samo asali

Kalmar tipi ta harshen Lakota ce, ma'anarta wurin zama. Lakota ƙabila ce daga cikin mutanen asali na Amurka ta Arewa, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar suka laƙaba musu suna Indiyawa. Su da maƙwabtansu, irin su Shayen da Kuro da Kayowa da Komanci, suna zaune a wani makeken fili mai ciyawa a tsakiyar ƙasar. Itace ya yi ƙaranci a can, iska kuwa ba ta hutawa. Abincinsu naman ɓaunar Amurka, duk inda garkenta ya nufa nan suke bi. Mai bin garke ba ya gina ɗakin laka.

Ga yadda suke kafa shi. A ɗaure dogayen sanduna uku ta wajen kai, a tayar da su tsaye, a ware ƙafafunsu. Wasu ƙabilu da huɗu suke farawa. A jingina sauran sanduna a kai, goma sha biyu ko fiye. Sa'an nan a lulluɓe da fatun ɓauna da aka jeme aka ɗinke da jijiya. Ɗakin iyali ɗaya yakan ci fata goma sha biyu, babba ya fi haka.

Kome da dalilinsa. Ƙofa tana duban gabas, domin iskar ƙasar yawanci daga yamma take zuwa. Bayan ɗakin ya fi gabansa miƙewa tsaye, sandunan gaba sun tokare shi, iska ba ta iya kifar da shi. A sama akwai kunnuwa biyu na fata, kowane da sandarsa, ana juya su bisa ga inda iska ta fito don hayaƙi ya fita. Daga ciki kuma akan ɗaura labule kewaye da gindin. Iska mai sanyi tana shiga ta ƙasa, ta bi tsakanin labule da fata ta hau, ta ja hayaƙi ta yi sama da shi, ba ta taɓa masu barci ba.

Wannan duka aikin mata ne. Su ke jima, su ke ɗinki, su ke kafawa su kwance, ɗakin kuma na mace ne. Wanda ya san Abzinawa ba zai yi mamaki ba, don a wurinsu ma tantin fata ko na tabarmar kaba na matar gida ne, da shi take shiga aure.

Daga fata zuwa yadi

Da fari karnuka ke jan kayan, saboda haka ɗakunan ƙanana ne. Da dawaki, waɗanda mutanen Sifen suka kawo, suka yaɗu a filin wajen shekara ta 1700, sai sanduna suka ƙara tsawo, ɗakuna suka ƙara girma.

Daga baya masifa ta zo. Maharban Turawa suka faɗa wa ɓauna da bindiga don cinikin fata. Dabbar da ake ƙirgawa da miliyoyi, kafin shekara ta 1889 abin da ya rage bai wuce kimanin dubu ɗaya ba. Gwamnati ta tsare ƙabilun a keɓaɓɓun wurare. Da fata ta ƙare, sai matan suka koma ɗinka tipi da yadin auduga mai kauri, irin na filafilan jirgin ruwa. Yadin ya fi fata sauƙin ɗauka, haske kuma yana ratsa shi. Har yau ba su bar shi ba. Ƙabilar Kuro tana yin babban taro kowane watan Agusta a jihar Montana, taron da aka fara tun 1904, inda akan kafa tipi fiye da dubu.

Soja ma sun ara. Wani hafsa mai suna Henry Sibley, wanda ya yi aiki a yankin Teksas, ya ga ɗakunan Komanci ya kwaikwaya. Ya rage sandunan duka ya bar dirka guda a tsakiya. A shekara ta 1856 gwamnati ta ba shi takardar shaida cewa ƙirar tasa ce. Faɗin tantinsa metir 5 da rabi, tsayinsa ya ɗara metir 3 da rabi, soja wajen goma sha biyu ke kwana a ciki. Aka yi masa alkawarin dola 5, kuɗin Amurka, a kan kowane tanti. Da yaƙin basasa ya tashi a 1861 sai ya bi ɓangaren Kudu. Sojan Arewa suka yi amfani da tantinsa kusan 44,000, shi kuwa har ya mutu bai karɓi kuɗin ba.

Tipin da ake sayar wa iyalai yau ya fi kama da na Sibley: dirka ɗaya a tsakiya, yadi a kai, turaka da igiyoyi kewaye. Wasu masu ƙira kuma sun ɗauko daga labu, tantin Sami, makiyayan barewar ƙanƙara na arewacin Norwe da Suwidin da Finlan. Amfanin siffar ɗaya ne: iska ba ta samun bango mai faɗi da za ta doka, ruwa ba ya samun wurin kwanciya, zafi yana hawa sama ya fita.

Abu na fari: yadi

Yadi shi ne uwar tanti. Iri uku ne a kasuwa.

Na fari, na roba, wato nailan ko foliyesta. Ba shi da nauyi, yana saurin bushewa, yana da arha. Amma ba ya numfashi. Mutum biyar in sun kwana a ciki, tururin numfashinsu yakan taru a jikin yadin, da asuba ya riƙa ɗiga kamar raɓa. Da rana kuwa ciki kamar tanda. Rana tana cinsa da sauri, tartsatsin wuta guda ya huda shi.

Na biyu, auduga zalla. Yana da nauyi, yana da tsada. Amma yana numfashi, ciki da sanyi-sanyi da rana, da ɗumi da dare. Kuma yana da wata hikima: in ruwa ya taɓa zaren auduga sai ya kumbura, ƙananan kafofin saƙa su toshe, ruwa ya gangara. In ya yage, allura da zare sun isa gyara.

Na uku, gauraye, auduga da foliyesta a saƙa ɗaya. Ya fi auduga zalla sauƙi da saurin bushewa, ya fi na roba numfashi.

Iyalin da ke son abin da zai daɗe, auduga ko gauraye ya kamata su duba. Ana auna kaurin yadi da nauyinsa: a yanki mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1, giram nawa ne? Tantunan auduga na iyali yawanci tsakanin giram 280 da 350 suke. Lambar tana rubuce a takardar kayan. In babu ita, mai saye ya tambaya. In mai kanti ya kasa faɗa, wannan ma amsa ce.

Amma nauyi kaɗai bai isa ba, saƙa ma sai ta matsu. Mai saye ya ɗaga yadin wajen haske. In ya ga haske yana fitowa ɗigo-ɗigo kamar ta rariya, saƙar ta yi sako-sako. Ya kuma tambaya ko an yi wa yadin maganin ruwa da na fumfuna da na rana tun a masaƙa. Launi mai haske, kamar na rairayi, ya fi baƙi ko shuɗi mai duhu sanyi a ciki.

Abu na biyu: girma

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa. A jikin kwali an rubuta "mutum takwas". Maigida ya ƙirga: shi da uwargida da yara huɗu, shida ke nan, har da saura. Sai an kafa ya ga ashe lissafin na mutanen da aka jera ne kamar itace a dami, babu jaka, babu kwano, babu wurin juyawa.

Ga lissafin da kowa zai iya yi da alli. A ɗauki tanti mai faɗin metir 5, tsayin metir 3 a tsakiya. Filin ƙasansa ya kusa murabba'in metir 20. To amma jikinsa gangare ne. A tsakiya tsayi metir 3, a baki babu kome. Mutum mai tsawon metir 1 da santimetir 70 ba zai iya tsayuwa ba sai in bai wuce metir 1 da ɗan kai daga dirka ba. Mai kwanciya kuma yana bukatar aƙalla santimetir 50 a bisa kansa, don kada fuskarsa ko ƙafarsa ta taɓa yadi. In aka cire bakin da bai kai haka ba, abin da ya rage bai cika murabba'in metir 14 ba. Wato kusan sulusin filin ya tafi, sai dai a aje kaya a wurin.

Saboda haka dabarar masu kwanan daji ita ce: a ɗauki lambar da aka rubuta, a raba biyu, ko aƙalla a cire biyu ko uku. Tanti mai faɗin metir 4 ya ishi miji da mata da ƙananan yara biyu. Iyalin mutum biyar ko shida sai mai metir 5. Akwai kuma wani iri mai gajeren bango a gindi, wajen santimetir 60, kafin gangaren ya fara. Wannan ya fi ba da fili, ko da yake iska ta fi samun abin kamawa.

Amma kada a ce babba shi ne mafi kyau. Tantin auduga mai metir 5, da dirkarsa da shimfiɗarsa da turakansa, yakan kai kilo 30, wani ma ya wuce. Kusan sulusin babban buhun hatsi ke nan. In ya jiƙe ya ƙara nauyi. Maigida ya tambayi kansa: wa zai ɗauka? Zai shiga mota tare da yara? Ina za a shanya shi in an dawo?

Abu na uku: ɗinki da dirka da turaka

Tanti ba ya fara yagewa daga tsakiyar yadi. Daga wurin haɗi yake farawa. Mai saye ya juya cikin waje ya duba. Haɗi mai kyau shi ne wanda aka kalmasa bakin yadi biyu cikin juna, aka bi da layin ɗinki biyu. Zare ya tafi daidai, babu tsallake, babu sako.

Wurare uku ne suka fi shan wahala. Na fari ƙololuwa, inda kan dirka ke tokare yadi, nauyin tanti duka a nan yake. Na biyu inda igiyoyi suka kama yadi. Na uku kusurwoyin ƙofa. A kowannensu ya kamata a ga an ninka yadi ko an ƙara maho mai kauri. In igiya a yadi falle ɗaya aka ɗinka ta, iskar fari za ta fizge ta.

Zif ɗin ƙofa shi ne abin da ya fi saurin mutuwa, don yara suna shiga suna fita dare da rana. A zaɓi mai manyan haƙora, a ja shi sama da ƙasa sau da yawa a kanti. Ya kasance da leɓen yadi da ke rufe shi daga ruwa. Abin lura kuma: ƙofar tipi a gangare take, in an buɗe ta ana ruwa sai ruwan ya zuba kai tsaye a ciki. Wanda aka yi wa ƴar rumfa a bakin ƙofa ya fi.

Dirka guda ce, in ta karye babu ta biyu. Ta zama ta ƙarfe mai kauri, faɗin bututunta santimetir 3 ko fiye, gaɓoɓinta su shiga juna ba tare da girgiɗi ba. Turakan da ke zuwa da tanti mai arha sau da yawa siraran waya ne, dutse ɗaya ya lanƙwasa su. A nemi na ƙarfe masu tsawon santimetir 25 zuwa 30. A kafa su a karkace, kai yana kallon nesa da tanti. A cikin rairayi turke ba ya riƙewa. Sai a ɗaura igiya a tsakiyar guntun itace, a bizne shi a kwance, a take.

Shimfiɗar ƙasa kuma ta zama tampol mai kauri wanda bakinsa ya ɗago santimetir 10 ko fiye kamar tire, don ruwan da ke gudu a ƙasa kada ya shiga. Wadda ake haɗawa da zif ta fi, don tana hana kunama da maciji shiga, kuma ana iya cire ta a wanke dabam.

Abu na huɗu: iska da wuta

Wannan sashe ya fi sauran duka, don a nan rai ake magana, ba kuɗi ba.

Tanti mai kyau yana da kafar iska a sama wadda ake buɗewa a rufe, da wasu a ƙasa, dukansu da ragar sauro irin ta sange. Dabarar matan Lakota ce har yau: iska ta shiga ta ƙasa, ta fita ta sama.

A ƙasashen sanyi wasu suna sa murhun ƙarfe a cikin tipi, mai bututun hayaƙi da ke fita waje. Ba kowane tanti ya dace da haka ba. Sai wanda aka yi wa kafa ta musamman, kewaye da abin da wuta ba ta ci. Auduga ba ta narkewa kamar roba, amma tana kamawa da wuta.

Babban haɗari kuwa ba a ganinsa. Gawayi ko gas ko kananzir in suna ci a wurin da iska ba ta isa, suna fitar da wata iskar guba da masana ke kira monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum yakan fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sai barci ya ɗauke shi, ba ya farkawa. An sha rasa mutane a wuraren kwanan daji na Turai saboda sun shigar da murhun gawayi cikin tanti da dare don su ji ɗumi. Ko garwashin ya yi kamar ya mutu, yana nan yana fitar da gubar. Yara ƙanana su ne kan gaba wajen galabaita. Wannan magana ta shafi kowane ɗaki da aka toshe lokacin ɗari aka bar gawayi a ciki, a Tawa ne ko a Damagaram.

Doka ɗaya ce: girki a waje, gawayi ya kwana waje. In wani ya ji waɗannan alamu, a fitar da kowa sarari nan take, a nufi likita.

Wurin kafawa

Tanti mai tsada a mummunan wuri bai fi mai arha ba. Kada a kafa a cikin kwari ko busasshen kori, ko da sama garau take. Ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa da dare. Kada a kafa a ƙarƙashin itace mai busassun rassa. Kada kuma a kafa a kan tudu mafi tsawo, ko gindin itace guda a tsakiyar fili, saboda aradu. Tanti ba ya kare mutum daga aradu, balle mai dirkar ƙarfe. In tsawa ta matso, iyali su koma cikin mota su rufe, ko cikin gini.

A zaɓi wuri mai ɗan tudu, a share ƙaya da tsakuwa, a juya wa iska baya. Yadin auduga yana tsukewa in ya jiƙe, igiyar zaren itace ma haka. In aka ɗaure tamau kafin ruwa, sai turaka su tumɓuke ko ɗinki ya ɓalle. A ɗan sassauta in hadari ya haɗo, a ƙara ja in ya bushe.

Rabin ƙarko a hannun mai shi yake

Sabon tantin auduga yakan yi ɗan yoyo a ruwan fari, musamman a kafofin allura. Ba aibi ba ne. Kafin a tafi da yara, a kafa shi a gida, a jiƙa shi sharkaf, a bar shi ya bushe sarai. A maimaita sau biyu ko uku. Zare zai kumbura ya zauna, kafofin su toshe. Nan ne kuma maigida zai koyi kafawa da rana tsaka, ba cikin duhu ana iska ba. Uwargida da manyan yara ma su koya.

Babban maƙiyin auduga shi ne danshi. Tantin da aka naɗe da laima, cikin kwana ɗaya ko biyu fumfuna ta fara. Baƙaƙen tabo su fito, wari ya kama, zare ya ruɓe. In dole ta sa aka naɗe shi a jiƙe, da isa gida a warware a shanya, ko da gajiya ta kai ina. A taɓa wuraren haɗi da igiyoyi, don su ne ke bushewa a ƙarshe.

Kada a wanke shi da sabulun gari, yana cire maganin ruwa. In laka ta taɓa, a bari ta bushe a kakkaɓe da buroshi mai laushi. Kada a bar shi a kafe wata da watanni a rana ba dalili, rana tana cin zare a hankali. A aje shi a busasshen wuri, a bisa, inda kusu da gara ba su kai. Ƙaramar yaga a ɗinke ta yau, kafin gobe ta zama ƙofa.

Lissafin ƙarshe

A ɗauki misali da kuɗin sefa, don lissafi kawai. Wani ya sayi tanti jika 40, ya yi masa shekara 2 ya mutu. Kowace shekara ta ci jika 20. Wani ya sayi na jika 150, ya kula da shi ya kai shekara 10. Kowace shekara ta ci jika 15. Wa ya yi arha? Ga kuma daren da na farko ya kwana a jiƙe da yaransa, wanda ba ya shiga lissafi. Arha ba ta ado.

Amma gaskiya ɗaya ce, tantin auduga ba na kowa ba ne. Iyalin da sai shekara uku su fita sau ɗaya, ko ba su da mota, ko ba su da filin shanya, gara su yi haya ko su ara. Tanti mai tsada da ya ruɓe a cikin jaka ya fi kowane asara.

Wanda kuma ya ƙudura saye, ya riƙe tambayoyi biyar kafin ya sa hannu a aljihu. Wane irin yadi ne, nawa ne nauyinsa? Mutum nawa zai ɗauka in an cire bakin gangare? An ninka ƙololuwa da wuraren igiya? Iska tana da hanyar shiga da ta fita? Akwai inda za a shanya shi a gida? Tambayoyin nan ba na tipi kaɗai ba ne. Duk mai sayen tanti, ko wane iri, a Yamai ko a Maraɗi, za su yi masa amfani.

Matan Lakota ba su da kanti, ba su da takardar kaya. Sun san fatarsu, sun san iskar ƙasarsu, ba su wasa da gyara. Mai saye na yau in ya riƙe wannan hali, tantinsa zai ga yaransa sun girma.

Allah ya kiyaye iyali, a gida da daji. Sai wata mai zuwa.